Ƙullin Tofa

Ranar nan wata mai talla ta shigo ofishinmu da tumatir, wasu har da ganye a jiki. Na murza ganyen a yatsa na shinshina, sai ga ni a bakin kanal ɗin garinmu, can tsakanin Kura da Bunkure, ina bin bayan kakana. In ka taɓa noman rani ka san warin nan. In ba ka taɓa ba, sai dai ka yi haƙuri da ni.

Gonar kakana a ƙarshen kanal take, inda ruwa ke isowa a gajiye. In ranar rabonmu ta zo ruwa bai zo ba, maƙwabta sukan tsaya su yi ta cacar baki, wannan ya ce wane ne ya tare, wancan ya ce a'a, wane ne. Shi kuwa tsoho sai ya saɓa fartanya ya ce mini, "Taso, ɓarawon matata. Ruwa ba ya tsami banza." Haka yake kirana, saboda kakata angonta take ce mini, kuma tsokar da ta fi girma a kwanona take faɗawa.

Sai mu bi kanal mu yi sama. Alkama kore shar hagu da dama, balbela na bin shanun Fulani, taɓo mai sanyi yana shiga tsakanin yatsun ƙafata. Tsoho ba ya tambayar kowa komai. Ƙasa yake kallo: ina ne gefen kanal ya jiƙe, ina aka taka, ina laka take sabuwa. A haka har mu iso inda wani ya cusa buhun yashi ya karkata ruwan zuwa gonarsa. Ya janye buhun, ruwa ya kama hanya. Daga nan ya durƙusa a bakin gonar mutumin, ya kama tofa, ciyawar nan mai kaifin ganye, ya ƙulla ta.

Kowa a garinmu ya san ma'anar ƙullin nan: na ga abin da ka yi, kuma ba zan faɗa ba. Mai gona in ya gani, kunya ta ishe shi. Ran Juma'a su gaisa a masallaci kamar ba a yi ba. Sau ɗaya na kama sunan wani da ya tare ruwa a gaban mutane muna cin tuwo. Tsoho ya tsame hannu daga akushi ya ce, "Kai, bakinka ya fi kanal zuba." Ban taɓa ganin ɓacin ransa irin na ranar ba.

Na girma, na karanta shari'a, amma aikin jarida ya janye ni, na bin diddigi, har na zama mai rubuta littattafai a kan abin da na tono. Ana tambayata a ina na koyi naci. Nakan ce a jami'a don a bar ni in huta, amma wallahi a bayan tsohon nan na koya.

Sai wata bazara ruwa ya daina isa ƙarshen kanal ɗungurungum. Tumatir ya ƙone a tsaye, albasa ta ƙi yin kai, magidanta suka fara tafiya Kano leburanci. Na zo gida na bi ruwa kamar yadda aka koya mini. Ya kai ni gonar shinkafar baffana, ƙanin mahaifina, ɗan autan tsoho. Shi ne shugaban ƙungiyar manoma a lokacin, ya kuma fasa kanal ya jawo ruwan zuwa gonarsa da ta wasu manya.

Kada ka ce ban bi al'ada ba. Na durƙusa da kaina na ƙulla tofa a bakin gonarsa. Da na dawo, tarakta ta bi ta kai. Na same shi a gida na roƙe shi, ya yi dariya ya ce, "Yaro, koma birni ka ci gaba da rubuce-rubucenka." To, na koma, na rubuta labarin a jarida. Aka sauke shi, aka toshe ɓarakar, ruwa ya dawo wa mutane.

Ni a wautata na ɗauka za a yi murna da ni. Ina! Har waɗanda gonakinsu suka farfaɗo, in na yi sallama a majalisa sai hira ta mutu. Aka ce wanda ya tona asirin baffansa wa zai bari? Aka riƙa ɗaurin aure da suna ba a aiko mini da goro ba. Duk wannan na shanye. Mutum ɗaya nake tsoro, shi ne tsoho, don in shi ya juya mini baya ba ni da sauran gida a garin nan.

Na je na same shi a zaure, ya tsufa tukuf, yana zaune a kan buzu. Na durƙusa na ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, kana nan ba ka bar mini matata ba?" Na jira zolayar da muka saba. Ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Barista. Ya hanya?" Ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi. Ya tambayi iyali, ya tambayi Kano, ya sa mini albarka. Bai ɗaga zancen baffa ba ko kaɗan.

Na shiga ciki na gaida kakata, na yi la'asar, na fito zan tafi. A marfin ƙofar motata, daidai inda hannuna zai kama, ga tofa a ƙulle. Ƙullin ya yi sako-sako, don hannunsa na rawa a lokacin, amma nasa ne, na san shi. Na waiwaya, zauren ba kowa. Na shiga mota na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Ya cika alkawarin ƙullin kuwa. Har ya koma ga Allah bai taɓa aibata ni a gaban kowa ba, ni ma bai taɓa tayar mini da zancen ba.

Yanzu in an tare ruwa, matasa waya suke ɗagawa su ɗauki hoto, kafin azahar duniya ta gani. Ba mai ƙulla tofa. Ni kuwa ina nan a kan bakana: da za a maimaita, zan sake rubutawa, don ruwan nan haƙƙin mutane ne. Nakan bi ta garin jefi-jefi, in ga ƙarshen kanal ya yi kore, in ji daɗi, in wuce ban tsaya ba. Sunaye kam ina da su birjik, Barista, ɗan jarida, marubuci. Wanda nake so in ji shi ne ɓarawon matata, kuma mai kirana da shi ya daina tun yana da rai.