Sharaɗin da 'Yata Ta Sa wa Manhajar Awon Gona

Shekara bakwai na yi ina wakilin wani mai gonar dawa da riɗi kusa da Ƙala'at an-Nahal a ƙasar Sudan. Aikina in ɗebo lebura daga kasuwar Gadarif, in auna musu faddanin da za su nome, wato ma'aunin fili na nan. Da igiya nake awo, kuma igiyar ta fi ƙa'ida tsawo da kamu biyu. Mai gona ya sani, ni ma na sani. Su lebura sai dai su ce gonar nan ba ta ƙarewa. Ban taɓa faɗa wa iyalina ba.

'Yata ta biyu ta karanta kwamfuta a jami'a. Da ta dawo gida ta rubuta manhajar tilifon: ka zaga gona da ƙafa, tilifon a aljihu, ya faɗa maka faddan nawa ne. Ni na yi ta zaga mata filaye tana gwaji har gwiwata ta kumbura.

Wata Juma'a bayan masallaci ina shan jabana, gahawarmu ta nan, a tsakar gida, ta zo ta zauna kusa da ni.

"Yaba, zan saki manhajar ga kowa, har da rubutun cikinta. Saura lasisi, kuma iri biyu ne. Na farko, ɗauki ka yi abin da ka ga dama, ko ka canza ka rufe. Na biyu, ɗauki ka canza, amma in za ka ba mutane sai ka buɗe musu abin da ka canza."

"Wanne kike so?"

"Na farko. Shi ne 'yanci sosai. Kuma akwai wani mai manyan gonaki a Basunda, ya ce in na zaɓi na farkon zai ɗauke ni aiki, ya sa wa manhajar sunan kamfaninsa."

"In ya rufe, wa zai san faddaninsa faddan ne?"

Ta yi dariya. "Yaba, kai kullum zargi. Tilifon ma sai na buɗe maka."

"Ban san tilifon ba. Na san masu gona."

Sai na ba ta labarin kamu biyun, ban rage komai ba. Na ce mata ban yi karatu ba, amma mutumin da ke roƙon izinin ɓoye ma'auni ya riga ya san abin da zai yi da shi. Na ce manhajarki ce, ba zan sa miki hannu ba.

Ta kwashe kofuna ta shiga ɗaki. Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wannan ya yi mini zafi, kuma na cancanta.

Rana ta huɗu ta kira mutumin a gabana, ta buɗe murya don in ji, ta ce masa lasisi na biyu ta zaɓa.

"Ya bitti, 'yata, wannan ba 'yanci ba ne," in ji shi. "Kin ɗaure ni."

Ta ce, "Ya ammi, baffana, ɗauka, canza, ka sayar ma in kana so. Ka dai nuna wa mai noman abin da ka taɓa."

Ya ce zai yi tunani. Bai sake kira ba.

Yanzu tana koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, injuna huɗu ga aji guda, tana dawowa a gajiye. In mahaifiyarta ta ce ni na hana ta aikin kamfani, sai ta ce a'a, ita ta zaɓa. Gaskiyarta ce.