Simintin da Muka Shafa a Ƙofar Marke

Akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba: wata Talata a watan Afrilun 1960, da ƙarfe tara na safe, a Ƙofar Marke. Mu uku ne: ni, mai duba gine-gine, da shugabana injiniya, da Malam Ummaru, tsohon magini.

An umarce mu mu gyara gidajen ƙananan ma'aikata kafin bikin 'yancin kai. Gidajen na tubalin ƙasa ne, duk shekara ana yi musu yaɓen makuba. Injiniya ya ce a shafe su da siminti, a huta.

Malam Ummaru ya dafa bango ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga gini shina shan ruwa daga ƙasa, shi fidda ta jiki. In kun rufe mai jiki, ina ruwan za shi?"

"Baba, ruwa gangara yake yi, ba ya hawa," in ji injiniya. Na yi dariya, na sa hannu a takarda.

Tsohon ne da gaskiya. Jikin tubali cike yake da ƙananan kafofin da ido ba ya gani. A irin wannan matsi ruwa yakan manne wa ƙasa ya yi sama, kamar yadda kananzir ke bin lagwani, kuma iyakar ƙanƙantar kafa, iyakar nisan hawansa. Makuba takan bar shi ya fita, rana ta shanye. Siminti tare shi yake yi.

A watan Agusta Garba masinja, mazaunin gida na uku, ya same ni.

"Malam, ɗakin inna wari shikai, bangon ya yi sanyi."

Na je, na ƙwanƙwasa ta waje, na ji shi da ƙarfi a bushe. Ban shiga ba. Na rubuta cewa lafiya lau.

A tsakiyar Satumba, da azahar, bangon ya rufto wa mahaifiyar Garba tana kan tabarmar salla. Da muka tone, cikin bangon ya zama kamar kunu har tsayin ƙirjin mutum. Simintin kaɗai ke tsaye.

Garba ya dube ni ya ce, "Malam, ai na gaya maka."

Ku da kuke fara aikin duba gini, ku shiga ciki ku taɓa bango, kuma in mazaunin gida ko tsohon magini ya yi magana, ku ajiye alƙalami tukuna.

An binne mahaifiyar Garba da la'asar. Simintin sauran gidajen ba a ɓamɓare shi ba sai bayan biki, domin baƙi za su bi ta layin.