Ruwan Alhamis

A ƙarshen shekarun tamanin makarantarmu ta tura ni koyon aiki a ofishin rabon ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Ni ba mai yawan magana ba ne, don haka Injiniya ya ajiye ni a ɗakin da babu kowa sai kwamfuta, wadda ake lulluɓewa da tawul idan an tashi. Littafin da ya zo tare da ita, mai kauri kamar bulo, ni kaɗai na karanta shi daga bango zuwa bango.

Aikina jadawalin ruwa ne. Allon ya kasu gida-gida kamar filin dara. Kowane layi na ɗauke da sunan yankin gonaki, da faɗinsa, da ranar da za a buɗe masa ƙofar kanal, wato babbar magudanar ruwan. Wata rana magatakardanmu ya zo shigar da awon ruwa, ya danna inda ba a dannawa, lissafin ya wargaje. Daga nan na kulle jadawalin gaba ɗaya, na bar gidajen awon ruwa kaɗai a buɗe, suna fitowa da haske fiye da sauran. Idan ka ce za ka sauya wani gida, sai injin ya yi ƙara, ɗit, ya ƙi. Sai dai makullin ba shi da kalmar sirri. Wanda ya san hanya, da 'yan danne-danne zai buɗe shi.

Alhamis ta mutanen ƙarshen kanal ce, can wajen Bunkure, waɗanda ruwa ke isar musu a gajiye. A lokacin tumaturinsu na fure. Idan zagayen ya wuce su, furen zai kakkaɓe.

Ran Laraba da hantsi, Injiniya ya tafi taro Kano, na ji mota ta tsaya a waje. Wani Alhaji ne, babban manomi mai gona a bakin kanal kusa da Kura, mutumin da mahaifina ke cire takalmi tun daga nesa kafin ya gaishe shi. Ɗansa na biye da shi, wanda ke aiki a wani kamfani a Kano. Na durƙusa na gaishe su.

"Kai ne ɗan malamin nan na Madobi?" in ji Alhaji. "Madalla, ashe na gida ne. Dashen albasa zan yi gobe. Dawo mini da Alhamis, na ƙasa su ɗauki Asabar."

Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa sa'an mahaifina a'a ba. Bakina bai san yadda ake faɗarta ba.

"Ranka ya daɗe, da dai Injiniya..."

"Injiniya yarona ne. Danna."

Na zauna gaban kwamfutar. Na kai kan layinsa, na fara rubuta Alhamis. Ɗit.

"Me ta ce?"

"A kulle take, ranka ya daɗe."

Gaskiya na faɗa, amma ba dukanta ba. Ya sunkuyo, ƙamshin turarensa ya cika mini hanci, ya danna da yatsansa mai zoben azurfa. Ɗit. Ya sake dannawa da ƙarfi. Ɗit.

"Ikon Allah! Yau ƙarfe ne ke yi mini gardama?" Ya juya wajen ɗansa. "Kai, ba irinta kake taɓawa a Kano ba? Zo ka nuna mini amfanin bokon."

Na tashi na ba shi kujera. Daga yadda ya ɗora yatsunsa na san ya iya. Idan ya buɗe, ruwan ya tafi, Alhaji kuma ya gane cewa tun farko na san hanya. Har na hango fuskar mahaifina idan labari ya kai Madobi.

Ɗan ya kai kan wani gida mai haske, ya rubuta lamba, ta shiga.

"Yauwa! Ta buɗe!" in ji Alhaji.

"A'a, Baba, wannan awon ruwa ne, ba rana ba." Ya mayar da lambar yadda take.

Sai ya danna maɓallin da ke fito da umarni a saman allo. Na ga kalmar da ake bi a kai ga makullin, shi ma ya gan ta. Yatsansa ya tsaya a kai. Ba tare da ya dube ni ba, ya ce a hankali, "Ranar su wa ce?"

"Na ƙarshen kanal."

"Me suka shuka?"

"Tumatur. Yana fure."

Sai ya janye hannunsa, ya miƙe, ya sunkuyar da kai gaban mahaifinsa kamar yadda na sunkuyar.

"Baba, a kulle take. Sai Injiniya ya dawo."

Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya ja dogon tsaki. "Ku biyun duk taron tsintsiya ne, ba shara." Ya kaɗa riga ya fita. Ɗan ya bi bayansa, bai waiwayo ba.

Da na zo buga jadawalin don in ba mai buɗe ƙofar ruwa, magatakarda ya sa mini takardar a inji, jadawalin ya fito da Alhamis a layin mutanen ƙarshen kanal.

Ran Alhamis na ari keke na bi gefen kanal har ƙarshe. Wajen la'asar ruwan ya iso, yana turo busasshiyar ciyawa a gabansa, wani dattijo ya sare bakin fangalinsa da fartanya. Bai san ni ba. Da zan koma sai na zaga ta doguwar hanya, don kada in bi ta gonar Alhaji. Ta nan na riƙa bi har na gama koyon aikin.