Rigar da Ta Yi wa Malam Ja'afaru Tsawo

Ina shagona a kasuwar Kontagora, ƙafata a kan keken ɗinki, na'ibin masallacinmu ya shigo da farin alawayyo a hammata. Ya ajiye shi a kan teburi ya ce, "Garba, yanka likkafani. Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban tambaye shi wane Malam ba, ban kuma nemi awo ba. Na san tsawon Malam Ja'afaru, limamin unguwarmu, fiye da yadda na san nawa.

Jana'izarsa ta tara jama'a har bakin titi. Mutanen Nasko sun zo a kan kekuna, Fulanin Bobi da sandunansu, har Kambarin da ba sa salla sun tsaya daga gefe sai da aka rufe shi. A zaman makoki kuwa yabo ake ta zubawa, ni kuma ina gefe ina duban bakunan da yabon ke fitowa. Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. Sana'a ce ta koya mini, domin duk wanda ya ce yadinsa ya kai riga da wando, sai na auna nake yarda. Cikin masu cewa ba a taɓa jin aibun Malam ba, akwai waɗanda da kunnena na ji suna faɗin wani abu dabam shekarun baya. Don haka nake rubuta wannan, kada 'ya'yansu su gaji raɗar ba su gaji amsarta ba.

Kullum bayan la'asar Malam yana karantar da mu tarihin halifofi a zaurensa, mu teloli da mahauta da 'yan koli. Duk yana girmama su, amma idan aka zo kan Sayyidina Umar sai muryarsa ta sauya. Yakan ba mu labarin rigarsa mai faci, da yadda ya hana kansa mai da nama a shekarar yunwa, da yadda yake bin diddigin dukiyar gwamnoninsa. Labarin da ya fi maimaitawa shi ne na ranar da aka raba yadi, kowa ya sami guda, sai aka ga Halifa, wanda dogo ne, ya hau mumbari da tufar da yadi guda ba zai isa ba. Wani mutum ya miƙe a tsakar jama'a ya ce ba za su saurara ba sai an gaya musu inda ƙarin ya fito. Halifa bai yi fushi ba, ya kira ɗansa ya shaida cewa shi ya ba shi rabonsa. Duk lokacin da aka kai nan, zaure kan ɗauki kabbara, wasu har da share hawaye. Malam sai ya rufe littafi ya dube mu ya ce, "Kowa yana so a samu mai gadon Umar. Shi wanda ya miƙe ɗin fa, wa zai gaje shi?" Mukan yi dariya, muna ɗauka raha ce.

Shi kansa ba ya saurin yarda. Idan aka zo neman ya yi wa wani shaidar kirki, sai ya tambaya ko an taɓa tafiya da mutumin, ko an yi maƙwabtaka da shi, ko an yi ciniki. In ba ko ɗaya, ya ce, "Ganin mutum a sahun gaba ba saninsa ba ne." Zamanin siyasa an sha kai masa rago, ya sa a mayar tun igiyar ba ta huce ba. Saboda haka manoma da makiyaya suka fi son sulhunsa a kan zuwa kotu, kuma rigingimu da yawa da za su kai ga adda a tabarmarsa suka mutu.

Wata kaka, bayan yaƙin basasa, shanun wani falke da ake kira Alhaji Dogo suka cinye dawar wani manomi a hanyar Nasko. Malam ya taka har gonar ya dawo ya ce manomin ya shuka rabin dawarsa a cikin burtali, hanyar shanu ta tun kakanni, don haka abin da aka ci a wajen burtalin kaɗai za a biya. Mutane ba su ji daɗi ba, domin mai shanu attajiri ne, mai gona talaka. Ba a jima ba aka ga direban Alhaji Dogo ya tsayar da mota a ƙofar Malam ya shiga da ƙunshi. Ranar Juma'a Malam, wanda muka saba gani da tsohuwar gare, ya fito cikin babbar riga sabuwa dal, aikin Bida.

Idon tela ba ya ƙarya a kan wannan. Rigar ta yi masa tsawo har tana sharar ƙasa, kafaɗar ta zarce tasa. A jikin dogon mutum aka auna ta, kuma gari duka ya san wane ne dogo. Na yi zargi, kuma ko yau aka sake nuna mini irin haka zan yi.

Raɗa ta cika kasuwa. Sahun bayan Malam ya fara raguwa, zauren karatu ya koma na tsofaffi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne manoma sun daina kawo masa ƙara, har muka ji an sari saniya a wajen Bobi, abin da a da zama ɗaya zai kashe. Amma duk wanda ya haɗu da shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, "Allah gafarta Malam, an tashi lafiya?" Kara ta hana kowa buɗe baki a gabansa, ba ta hana kowa a bayansa ba. Shi kuwa duk Juma'a sai ya sake sa rigar, ya ratsa ta tsakiyar kasuwa a hankali, yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

Da abin ya ishe ni, na same shi shi kaɗai a zaure. Na ce, "Allah gafarta Malam, rigar nan ba a jikinka aka auna ta ba. Daga ina?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Sai yau, Garba? A ina ake maganar, a ɗaka ko a kasuwa?"

Na ce, "A kasuwa."

Ya ce, "To ba zan amsa maka a ɓoye ba. Gobe a wurin karatu ka miƙe ka tambaya. Ka gaya wa kowa ya zo."

Na ce, "Malam, za a ce ba ni da kunya."

Ya ce, "Za a ce. Zato in ya kwana a ciki zunubi ne, in ya fito baki ya zama tambaya. Ka zaɓa."

Kashegari zaure ya cika har waje, domin ba abin da ke tara mutanenmu kamar tsammanin tonon asiri. Na miƙe na maimaita tambayar. Wani dattijo ya daka mini tsawa, "Kai Garba, zauna! Malamin naka?" Wannan dattijon a shagona ya fara rantsuwa cewa rigar toshiya ce. Malam ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Akwai abin da muka sani duka amma ba wanda ya kawo shi a rai. Malam yana da ɗan fari, dogon saurayi, da ya shiga soja, ya tafi yaƙi bai dawo ba. Irin mutanen da, Malam bai taɓa kiran sunan yaron ba saboda alkunyar ɗan fari, sai dai ya ce "wancan", kuma ko ranar da labarin rasuwar ya zo bai nuna komai ba. Magana ce da ba zai iya ɗaukowa da kansa ba ko za a yanka shi, sai in tambaya ta tilasta masa.

Ya ce, "Sayyidina Umar da aka tambaye shi, ɗansa ya kira ya amsa masa. Ni nawa ba zai amsa ba." Ya sunkuyar da kai, ya ɗago. "Rigar Lawali ce."

Ya ce yaron ya ba da ɗinkinta a Bida a kan hanyarsa ta tafiya, don ya sa ranar aurensa in ya dawo. Mai ɗinkin ya gama, ya gaji da jira, ya nemi motar da za ta Kontagora, ya dace da ta Alhaji Dogo. "Uwarsa ta ce in sa, ta gan ta a jikin mai rai. Na ce a rage tsawon, ta ce kada almakashi ya taɓa ta. To, kun ji."

Ba wanda ya yi kabbara ranar. Aka watse kowa yana duban ƙasa. Ba zan ce zargi ya mutu nan take ba, domin wasu sun ce haɗa baki muka yi da Malam, wasu kuma sun ɗauke ɗinkinsu daga shagona wai ba sa hulɗa da mara ta-ido. Ni ma sai da na tare direban a tasha na yi masa tambayoyi har ya gaji, na kuma aika Bida aka tabbatar. Da Malam ya ji, dariya ya yi ya ce, "Madalla, haka ake yi." Kafin wata kaka manoma da makiyaya sun dawo tabarmarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne Inna, matar Malam, wadda ta daina amsa gaisuwata. Da na shiga yi mata ta'aziyyar rasuwar Malam, tana bayan labule, na ce, "Inna, ya haƙuri?" Na yunƙura zan tashi.

Ta ce, "Garba ne? Zauna. Ranar nan ina bayan zana ina ji. Na yi fushi da kai, ka baje mana ciwonmu a gaban gari. Amma tun da na haifi yaron nan ban taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba sai da ka matsa masa. Da ya shigo gida ya zauna a bakin gado ya yi ta kiran sunan, muka yi kukan da ba mu yi ba ranar da aka kawo labari. Je ka, Allah ya yi maka albarka."

Ya Allah, ga bawanka Ja'afaru ya zo inda ba a yi wa kowa kara a tambaya. Ka sauƙaƙa masa amsa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka tashe shi tare da Halifan da ya ƙaunata. Ka yafe wa waɗanda suka ci namansa, Ka ba Inna da sauran iyali haƙurin rashinsa. Ka sada shi da Lawali a Aljanna, ya kira shi da sunansa, ya amsa. Amin.