Ƙaltume, Jirgin Baba Gafaru

Baba Gafaru maƙwabcina ne a gidan hayarmu na unguwar Nima, ƙofarsa tana kallon tawa. Tun kafin maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, famfo ɗaya muke ɗiba. A Sabon Zango aka haife shi. Ya yi shekarun ƙarfinsa yana kankare tsatsar jirage a tashar jiragen ruwa ta Tema, da gwiwa ta gaza ya koma gyaran lema a bakin ƙofa.

Bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Yana cikin uwarsa aka kwashi uban da sauran sojoji a jirgin ruwa, lokacin yaƙin Bama, a yaƙin duniya na biyu. Aka harbe jirgin a tsakiyar teku ya nutse da su. Babu gawa, babu kabari. Waɗanda suka tsira ne suka siffanta masa jirgin, ya sassaƙa shi da katako, tsawon kamu ɗaya. Ƙaltume sojojin suke kiran jirgin, sunan wata mai tuwon bariki, wai don faɗi da rashin sauri. Duk azumi yakan sauko da shi daga kan kwaba ya goge, ya sa in dama koko a raba sadaka saboda mutanen ciki.

Bara wani Kazeem ya fara zuwa daga unguwar Kanda, magidanci mai farin takalmi da kwamfuta a jaka. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida ni, ya sake gaida Baba. Ni kuwa mutum in ya cika gaisuwa, hannunsa nake duba. Ya ce shi da abokansa suna haɗa gem na yaƙin jiragen ruwa, irin wanda ake bugawa a waya, suna zaɓen jiragen tarihi da za su sa. Na ce a raina, ga ɗan sakawa, irin masu damfara ta intanet, ya zo da sabon salo.

Ranar da ya dawo, mazan da ke shan shayi a ƙofar gida suka kewaye kwamfutar, kowa ya zama kyaftin. Wadia tela ya ce in babu na Jamus ba gem ba ne. Mujeeb direban trotro, motar haya, ya ce a sa na Japan, Yamato. Na riƙe sunan don ya yi kama da na babur.

"Kai da ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba!" in ji Wadia.

"Cale, abokina, kai fa?" in ji Mujeeb. "Kwatar Nima ta cika, kuka ka yi."

Kazeem ya bar su suka gama dariya, sannan ya juya ga Baba. "Duk waɗannan na wasu ne, Baba. Ina son namu. Ina son Ƙaltume."

Wadia ya ce ai jirgin ɗibar soja ne, igwa ɗaya gare shi a gindi, me zai yi cikin manya? Baba bai ji shi ba ma. Ya shiga ɗaki ya fito da jirgin a hannu biyu, ba azumi ba, ba komai ba. Kazeem ya yi ta ɗaukar hoto da waya, gaba, baya, ƙasa. Baba har da gyara hula.

Ina tankaɗe a gefe, abu ɗaya ya tsaya mini a rai. An yi ta faɗin wane jirgi za a sa, ba wanda ya faɗi abin da ake yi da shi in an sa.

Da Kazeem ya sake zuwa na tare shi a tsakar gida, Baba yana zaune.

"Ɗana, in jirgi ya shiga gem ɗin, sai me?"

"Sai duniya ta gan shi, Mma Abibata."

"Ta gan shi yana me?"

Ya sosa gemu. Ya ce abin da ɗan wuyar bayani. Na ce ai ido ba ya son bayani, ya buɗe mu gani.

Ya buɗe. Teku ya fito shuɗi, kyakkyawa, da jirgi a kai. Ya danna wani abu, wuta ta tashi, jirgin ya karye biyu, ya kafa hanci ya tafi ƙasa. Kiɗa ya tashi, taurari suka fito. Kafin in gama salati jirgin ya dawo sabo, yana jiran wani harbin.

Baba ya ce, "Mutanen ciki fa?"

"Babu mutane, Baba. Zane ne."

"A nawa akwai."

Kazeem ya matso, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, maganar da ya yi tana da nauyi. Ya ce 'yan zango irinmu sun mutu a teku, babu littafin makarantar da ya ambace su. In ba a sa jirgin ba, ranar da Baba ya kwanta dama sunan ya tafi ke nan. Na dubi Baba. Abin da ya yi ta nema ke nan tun yana yaro, wani ya san da su.

"Ana iya sa shi ba a harbe shi ba?" in ji Baba.

"Gem na yaƙi ne, Baba. Kowane jirgi ana harbi."

"To a bar shi. Sau ɗaya Allah ya rubuta musu nutsewa. Ba zan miƙa ubana a riƙa nutsar da shi ana kiɗa ba."

Ya sa Kazeem ya goge hotunan a gabansa, yana nunawa da yatsa har na ƙarshe. Kazeem ya rantse babu saura, ya yi sallama gajeriya ya fita. Baba ya mai da jirgin kan kwaba, ya koma kan lemar da yake ɗinki, allurar tana ƙin shiga.

Na bi Kazeem da ido har lungu. Yana kaiwa bakin titi ya zaro wata wayar daga aljihun baya, ba wadda ya goge hotunan a ciki ba, ya tsaya yana dubawa. Wataƙila matarsa ce ta kira. Zato zunubi ne, na sani, na kuma yi istigfari. Ban gaya wa Baba ba. Amma yanzu in na shiga trotro na ga wani ya duƙufa kan waya, nakan ɗan leƙa in ga ko teku ne.