Baifas a Karaban ɗin Baba

Da kamfanin gina hanya da Baba ya yi wa direba ya tattara ya bar Kaduna, abin da suka sallame shi da shi karaban ne: ɗakin kwano mai taya biyu, da gado da taga da ƙugiyar da ake maƙala wa mota. Da rani yana ajiye a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, awaki na kwana a ƙarƙashinsa. Ruwan farko na sauka sai a ja shi zuwa gonar Baba a bayan Gonin Gora, can Baba zai tare har a cire masara. A gida Baba tsoho ne mai ƙorafi a kan gishirin miya. A gona ko waƙa yana yi.

Sai ciwon suga ya kama shi, aka ɗora shi a kan allurar da dole ta zauna cikin sanyi. Muka sa masa sola da batir da ɗan ƙaramin firji a karaban. Daminar farko batir ya mutu ba wanda ya sani, allura ta lalace, Baba ya ci gaba da yin ta a haka har aka kwaso shi ranga-ranga. A bakin gadon asibiti Yaya, babban wanmu, ya yanke hukunci: an gama zuwa gona, karaban kuma 'yan gwangwan za su zo su ɗora shi a sikeli.

Ni ce na ƙi. A kemis nake aiki, na san abin da zafi ke yi wa allura, amma na ga abin da zaman ƙofar gida ya yi wa Baba cikin wata biyu kawai. Na ce wa Yaya laifin ba na gona ba ne, laifin batir ne da ba ya faɗin halin da yake ciki.

"To ki koya masa magana," in ji shi.

"Zan koya masa. In ya yi magana, Baba zai tafi?"

Ya ce mu gani kafin ruwa ya sauka. Dariya yake yi lokacin da ya faɗa, kuma dariyar ce ta sa na ƙi kiran kowa.

Na sayo mitar batir a wajen masu kayan sola. Abu biyu ne a kwalin: ɗan gilashi mai nuna lamba, da guntun ƙarfe mai noti biyu wanda shi ne yake awon. Mai shagon ya jaddada mini magana ɗaya, cewa ƙarfen nan ƙofa ne, duk wutar da za ta shiga batir ko ta fita sai ta bi ta kansa. Ranar Lahadi na ɗaura zani a kan wando, na shiga karaban da sifana. Na kashe komai, na kwance baƙaƙen wayoyin da ke kan batir, na firji da na fanka da na sola, na haɗe su a noti ɗaya. Daga ɗaya notin na ja waya guda mai kauri zuwa kan batir. Siririyar jar waya mai fiyus ta tafi jan kai. Gilashin na kafa shi daidai inda idon Baba zai sauka in yana kwance. Noti ya yanke ni a yatsa, maƙwabta suka yi ta leƙe ta taga kamar ana haihuwa a ciki, wata har tana tambaya ko mazan gidanmu sun ƙare. Na ce mata suna nan, hutawa suke yi.

Da na kunna firji, lamba ta motsa. Na yi murna har na ji kunyar kaina.

Yaya bai yarda da aikin mace ba, don haka ina wurin aiki ya kawo abokinsa mai wayarin ya duba. Ban sani ba. Abin da na gani shi ne mita ta koma nuna ɗari, wato batir a cike, safe ɗari, yamma ɗari, ranar hadari ma ɗari. Baba sai washe baki yake yi, yana cewa batir ɗinsa ya fi na kowa a unguwa. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don firji na gurnani, mita kuma na cewa ba abin da ke fita. Na ɗaga murfin akwatin batir, sai ga wayar firji da ta fanka an ɗauke su daga ƙarfen awo an ɗaure kai tsaye a kan batir, an naɗe da tef tsaf-tsaf.

Na tambaya aka ce aikin abokin Yaya ne, na sa aka kira shi. Ya zo da fara'arsa, yana jiran godiya.

"Ai baifas na yi miki, ƙanwata. Na ga kin jona komai ta cikin mita, na ce wannan baiwar Allah ba ta san gari ba. Wa yake sa firji a kan mita?"

Ban iya yin dariya ba a lokacin, sai daga baya. Mutumin nan tun yana yaro abin da ya sani game da mita shi ne abokiyar gaba ce, ta masu kawo takardar wuta, kuma alherin da za ka yi wa ɗan'uwanka shi ne ka zagaye masa ita. Hannunsa da kansa yake yi, ko bai yi niyya ba.

"Malam, wannan mitar wa za ta kai wa rahoto?"

Ban jira amsarsa ba.

"Ni za ta kai wa. Ni da tsohon nan. Wa ka ɓoye wa firjin?"

Yaya ya ce in rage murya, ana jin mu a waje. Na ce a ji. Na karɓi sifana daga hannun abokin nasa, na yage tef ɗin, na mayar da wayoyin inda suke a gabansu. Noti ya faɗi sau biyu, ba wanda na bari ya ɗauko mini.

Na bar rana ta cika batir, na saita mita, muka jira. Kwana biyu aka yi ana hadari ba ruwa, garin ya yi zafi kamar an rufe tukunya. Da la'asar Yaya ya leƙo ya ga lamba ta gangaro kusa da hamsin, inda na ce wa Baba kada ya bari ta wuce.

"Kin gani ko? Da ɗari take nunawa, kin taɓa ta lalace. A haka zan bar shi ya tafi daji?"

Da na bar baifas ɗin, da tuni ya amince, kuma da a ranga-ranga za a sake kawo mana Baba. Na ce masa batir ɗin ke nan, haka yake tun bara, yau ne kawai ya faɗa da bakinsa. Ya ce faɗar ba ta da amfani ga mutumin da ba ya jin maganar likita, balle ta gilashi.

Baba yana kwance a gadon karaban duk wannan lokacin, fanka na kaɗa masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, wanne ya fi ci, fankar ko firjin?"

Na ce ya kashe ya gani. Ya miƙa hannu ya kashe fanka. Wannan mutumin da in aka ɗauke wuta a gida sai kowa ya ji a jikinsa, ya tashi zaune, ya sa tabarau, ya ƙura wa gilashin ido har ya ga abin da ke fita ya ragu. Zufa na bin wuyansa tana shiga riga. Yaya ya tsaya yana jira ya sake kunnawa, har aka kira magariba bai kunna ba.

Da zai fita alwala, Baba ya dafa ƙugiyar karaban ya dubi Yaya.

"Ka nemo mai a-kori-kura. Irin masarata yana cikin buhu tun watan jiya."