Bijimin da Ya Tashi Bayan Yanka

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta su. Amma ranar da na tayar da yankakken bijimi a gaban mahaifina, wannan ba za ta bar kaina ba sai an rufe ni da ƙasa. Yaran yanzu in motar majigi ta shigo gari suka je suka ga hoto yana tafiya, sai su dawo suna ba ni labari kamar ni ne baƙauyen. In na ce musu na sa hoto ya yi tafiya da hannuna tun ba a haife su ba, sai su kalli juna. To, su yi ta kallo. Ga yadda aka yi.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. Gidanmu yana Ƙofar Kware, mu rundawa ne, wato mahauta, tun kakanni. Makarantar boko kuwa ba Baba ne ya kai ni ba. Mai unguwa aka ce ya kawo yaro, masu gata suka ɓoye nasu, aka zo makarantar allo aka tsame ni, ina da wayona, hannuna ya riga ya faɗa da rubutun allo. Baba bai taɓa yafe wannan ba. Kullum na dawo sai ya dube ni ya ce ga mutum har mutum, wanda ya isa ya kayar da sa, an ajiye shi yana zanen tsutsa a takarda.

Ni ma da farko ban so wurin ba. Abin da ya canza mini rai wata ƙwarya ce. Baturen makarantar, wani dogo mai jan wuya da zazzaɓi ba ya barinsa, ya zo da ita daga ƙasarsu. Ba ƙwarya ba ce ta gaske, ta ƙarfe ce, mu ne muka sa mata sunan. An tsattsaga gefenta, an ɗora ta a kan ƙafa ɗaya, ga mariƙi a ƙasa. Sai a ɗauko doguwar takarda mai faɗin tafin hannu, an raba ta gida-gida, kowane gida da zanensa, a naɗa a ciki. In aka murɗa mariƙin ka leƙa ta tsagar, sai zanen ya motsa. Mariƙin nan gefe ɗaya kawai yake juyawa, in ka mayar da shi baya sai ya cije. Ku riƙe wannan.

Ranar da na fara leƙawa na ga tsuntsun takarda yana kaɗa fiffike, sai da na faɗi da baya. Daga nan kuma ba a ƙara raba ni da ajin nan ba. Bature Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, wani malaminmu ne yake masa tafinta, ɗan siriri mai son raha, Allah ya jiƙansa. Ta bakinsa muka koyi cewa babu aljani a ciki. Abu ɗaya za ka yi ta zanawa, kowane gida ka ɗan gusa shi kaɗan. In ka gusa da yawa ya yi tsalle kamar kwaɗo, in ka gusa kaɗan ya yi nawa kamar mai ciwon ƙafa. Baturen ya kan fitar da mu bakin hanya mu tsuguna muna kallon jakunan 'yan Wamakko masu kawo itace, don mu ga wace ƙafa ke fara ɗagawa. Masu jakunan suna wucewa suna yi mana addu'ar samun sauƙi.

Na zana tsuntsu ya kaɗa fiffike. Na zana mace tana daka, taɓarya na hawa tana sauka. Duk suka yi kyau, har Bature ya dafa kaina. Ba yabon kai ba ne, a ajin nan babu wanda ya kama ƙafata. Waɗanda suka zama manya yau, suke wuce ni a kantin fata ba ko sallama, ina ce su ne tsuntsunsu ke fitowa kamar tsumma a kan igiya.

Ana nan sai Bature ya ce a kira iyaye su zo su ga aikin 'ya'yansu, ko sa daina ɓoye yara. Da na gaya wa Baba yana wasa wuƙa, bai ko ɗaga kai ba.

“In tahi in gani da idona,” in ji shi. “In banza ta, gobe kana mahauta riƙe da ƙahwar bisa. Mai unguwa shi zo shi ɗauke ka in gani.”

Na san Baba, ba ya magana biyu. Sai na ce a raina, tsuntsu da daka ba za su tsare ni ba, bari in zana masa abin da yake alfahari da shi. Na zana shi kansa, da 'yar sharar nan tasa da wuƙa a hannu. Ga bijimi ya tako, ga an ɗaure shi, ga an kayar da shi an fuskantar da shi gabas, ga Baba ya sunkuya ya yanka. Jinin ma da karan dafi na yi shi, wanda na roƙo wajen dukawa. Ban nuna wa kowa ba, so nake a gani a yi mamaki. Bature kuma a makon yana kwance, ƙwarya tana kulle a akwatinsa.

Abin da ban sani ba shi ne wannan. Ni tun da na fara, daga hannun dama nake cika gidajen takardata, yadda muke rubuta allo. Wa zai ce mini akwai wani wajen farawa? Ƙwaryar Bature kuwa daga hagu take ɗauka, irin nasu. Tsuntsu mai kaɗa fiffike, ko ta ina ka faro shi ɗaya ne. Taɓarya ma haka, hawa ce da sauka. Shi ya sa ba wanda ya taɓa lura, har ni.

Ranar ta zo, da hantsi. Aka kafa ƙwarya a zauren makaranta. Baba ya zo kai tsaye daga kara, wato kasuwar shanu, da wasu rundawa, da wani Bafillace dillalin shanu wanda suka shekara da shekaru suna ciniki suna tsokanar juna. Da aka zo kaina Bature ya karɓi takardata ya naɗa ba tare da ya duba ba, idonsa duk ya yi rawaya. Suka tsuguna suka kewaye ƙwarya, kowa ya sa ido a tsaga. Aka murɗa.

Ina tsaye a baya ina jiran a yi kabbara. Shiru. Sai na kutsa na leƙa. Ga bijimi kwance cikin jini. Ga Baba ya sunkuya ya goga masa wuƙa a wuya, jinin ya tattaru ya koma ciki, wuya ya haɗe. Bijimi ya miƙe, igiya ta warware, ya yi ta ja da baya har ya fita. Kafin ka ƙifta ido ga shi kwance kuma, Baba ya sake tayar da shi.

Bafillacen nan ne ya fara magana, a hankali, bai ɗauke ido daga tsagar ba.

“Barunje, ashe haka kaka yi in mun ba da baya? Shi ya sa nike ganin bijimi guda yana ta dawowa kara. To, a maido min abina, tunda bai mutu ba.”

Zaure ya ɗauki dariya. Wani tsoho har rawaninsa ya kwance. Baba kaɗai bai yi ba. Ya ce a sake murɗawa, aka sake. Sannan ya miƙe ya dube ni, ya tambaye ni wane ne mai wuƙar nan. Na ce shi ne. Ya ce tun da yake, ya taɓa sa wa bisa wuƙa ta tashi? Na ce a'a. A raina na riga na ji warin mahauta.

Bature ya zaro takardar ya duba, ya gane, ya yi dariya har da tari. Ya yi dogon bayani. Turancina a lokacin ya isa in ji abin da ya ce: ƙaramin abu ne, yaro daga dama ya faro, a yayyanka gidajen a jera su daga hagu, kafin azahar an gama. Baba ya juya wajen malam yana jiran fassara. Malam ya dube ni, ya dubi Baba, ya gyara murya.

“Bature ya ce tada shi ba wuya. Kwantar da shi ad da aiki. Sai yaro ya ƙara damana biyu.”

Baba ya shafa gemu. Bafillace ya ce a bar shi haka nan, su Fulani sun fi son shi tsaye. Ina jin wannan ce ta ƙarasa aikin.

“Shi zamna,” in ji Baba. “Ba ni yarda a ce cikin Sakkwato ɗan barunje ya bar bisa tsaye.”

Haka na samu damina biyun nan, kuma ban ƙara samun irinsu ba a duniya. Na sa raƙumi ya durƙusa, na sa masunci ya jefa birgi, na sa 'yan kokawa sun kama juna. Lokaci-lokaci Baba zai tambaye ni ko bijimin ya kwanta, in ce saura kaɗan, shi kuma ya ce madalla. A kara kuwa aka yi ta kiransa mai tada matattu, yana zagi yana jin daɗi.

Daga baya aka ɗauke Baturen nan aka kai wani gari, ya tafi da ƙwaryarsa. Wanda ya canje shi babu abin da ya sani sai lissafi da bulala. Ni da kaina na daina zuwa, ba wanda ya zo nemana. Da safen da na bi Baba mahauta, ya miƙo mini igiya, yana ƙoƙarin danne dariya, ya ce tunda na takarda ya gagare ni da malamina har damina biyu, in zo in gwada na gaske. A nan na san bai taɓa yarda da fassarar nan ba. Ƙofa kawai aka buɗe masa, shi kuma ya bi.

Karatuna bai kai ko'ina ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Amma na fita da abu ɗaya. Duk wanda ya ba ni aiki da kayansa, sai na fara tambayarsa ta wane gefe yake farawa, don na ga yadda aiki mai kyau ke fitowa a juye alhali ba ka ɓata ko layi ɗaya ba. In kuma ya riga ya juye, na daina saurin kuka. Da bijimin nan ya kwanta yadda na so, da Baba ya ce ai wannan kullum yana gani, da washegari ina mahauta.